Rasuwar Gauraka, Jirgin Alhaji Mailafiya

Da zukata cike da baƙin ciki, iyalan Alhaji Abdurrahman Mailafiya, dillalin shanu a Garwa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jirgin samansu mai kujera huɗu, wanda aka fi sani da Gauraka. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar a wani filin sauka kusa da Mora, yana da shekara ashirin da biyu a duniya.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa. Ya shigo Kamaru tare da wani Bafaranshe mai farautar giwa, wanda ya bar wa Alhaji shi a 1970. Baturen ya rufe fuska da hankici ranar rabuwa, ko da yake wasu sun rantse dariya yake ɓoyewa.

Duk wanda ya zauna da Gauraka ya shaide shi da haƙuri. Ya ɗauki huhun goro, ya ɗauki raguna, ya ɗauki surukai, bai taɓa cewa ya gaji ba. Bai taɓa tashi a kan lokaci ba, don ba ya son gaggawa. Kafin ya motsa sai ya yi gyaran murya sau uku, kuf, kuf, kuf, sannan ya saki burrr ɗin da ke sa dorinar Binuwai nutsewa. A inuwar fiffikensa Alhaji yake shimfiɗa darduma ya karɓi baƙi, kuma bai taɓa kiransa ƙarfe ba.

Jinyarsa ba ta kai minti biyar ba. Alhaji ya nufi Mora ne walimar wani amini, jama'a sun cika filin da makaɗa. Hadarin farkon damina ya haɗo daga kan duwatsu, iska tana bugowa ta gefe, ta lafa, ta dawo da ƙarfi. Ƙyallen da ke nuna wa matuƙa inda iska ta dosa kuwa an sauke shi tun safe, wai ya koɗe, bai dace da babban baƙo ba. Matuƙin, Fulbert, mutumin Mokolo, ya kewaya sau biyu, ya ba da shawarar a koma Marwa. Alhaji ya leƙa ƙasa ya hango abokan hamayyarsa tsaye jikin motocinsu, ya ce, “Fulbert, mutane suna kallo. Sauka.” Fulbert ya ce, “Patron, maigida, iskar nan ba ta san ka ba.” Ya yi alamar gicciye, ya karkato.

Tayar hagu ta taɓa ƙasa lafiya. Sai iska ta shiga ƙarƙashin fiffiken dama ta ɗaga shi, marigayin ya bar hanya, ya ratsa gonar dawa, ya ci karo da suri, ya kafa hanci a ƙasa, jela a sama. Makaɗa sun zaci sabon salon sauka ne, suka ƙara wa ganga wuta. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tsss.

Kowa ya fito da rai. Alhaji ya rasa haƙora biyu, Fulbert ya karye a hannun dama. Alhaji ya ƙi shiga mota, ya zauna a kan kunyar gonar, hannunsa a jikin jirgin, yana hawaye har aka fara yayyafi. Dattawan da suka binciki lamarin sun tabbatar laifin iska ne ita kaɗai, Fulbert ma ya sa hannu da hagu.

Marigayin ya bar Alhaji. Da Fulbert, wanda yanzu yake tambayar yadda ake aikin tasi. Da makanikensa Roger, wanda ya yi shekara huɗu yana ɗaure shi da waya. Da ƙanwarsa Fijo, motar Alhaji. Da duro biyu na mai, marayu. Tayar dama har yau ba a ji ɗuriyarta ba.

Za a kawo gawar Garwa ranar Asabar a motar auduga. Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar gidan Alhaji, kuma masu zuwa daga Kuseri su biyo ta ƙasa. Maƙeran kasuwa ne za su yi masa sutura. Iyalai suna roƙon duk wadda ta sayi sabuwar tukunya a Garwa cikin watan nan ta dafa abin kirki a ciki, domin tukunyar ta taɓa hawa sama.