Farfesan da Bai Ga Ƙarshen Wasa Ba

Ina iya manta ranar da aka ɗauke ni aiki, ina iya manta sunayen rabin 'yan ajinmu, amma ranar bikin abokina Ishaya kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na yi niyyar mantawar ma, mutanen unguwarmu Mayo Gwoi sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Bari in fara da gaya muku ko ni wane ne a lokacin. A ofis ni ba kowa ba ne. Ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya, irin wanda in ana taro ake aika shi ya ƙaro kujeru, kafin ya dawo an gama magana. Amma a gidan kallon Oga Bitrus, duk yammacin Juma'a da ake saka resilin, wato kokawar Turawan nan, sunana Farfesa. Akwai wata farar kujerar roba mai hannu a sahun gaba, daidai inda fanka ke bugawa. Tawa ce. Ko na makara ba mai zama a kanta, kuma in na buɗe baki har na bencin baya sai su yi tsit. Duk faɗin Jalingo nan ne kaɗai wurin da ake sauraron maganata, kuma ina son kujerar nan fiye da yadda ya dace babban mutum ya so roba.

Ba da karatu na sami sunan ba, da faɗin abin da zai faru ne kafin ya faru. Kowa ya san resilin tsararren wasa ne, akwai masu zama su rubuta wanda zai ci da wanda zai sha kashi. To ni na daɗe da gano cewa marubutan nan ragwaye ne na ƙin ƙarawa. Miya ɗaya suke ɗumama mana duk mako, sai dai su sauya kwano. Wasan kuma a ƙasarsu ake yin sa lokacin da muke barci, Oga Bitrus ya naɗa ya saka mana daga baya, shi ya sa gidan ke da doka: duk wanda ya leƙa sakamako a waya ya zo yana faɗa, korarsa ake yi. Ni ban taɓa leƙawa ba. (Nakan ce waya ta masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ce, kuma da ƙarfi nake faɗa don masu wayar su ji.)

Gidan ya rabu biyu. Akwai mu, masu cewa an raina mana hankali. Akwai kuma waɗanda nake kira 'yan munyal, saboda kalmar da shugabansu ba ya gajiya da ita, wato haƙuri da Fulatanci. Shugaban nasu Bappa Hammajo ne, wani dattijo dillalin shanu da ke zuwa da goronsa a aljihu, ya zauna a benci na biyu, ya kalli ƙattin Turawa suna jifan juna kamar mai sauraron wa'azi.

Abin da ya raba mu shi ne rigimar Bijimi da Gajere. (Ba ma kiran 'yan wasa da sunayensu na gaskiya, kowa mun raɗa masa namu.) Bijimi ne ke riƙe da kambu, ƙato ne mai yara biyu da ke bin sa. Gajere kuwa shi ne abin tausayin da jama'a ke so. Duk lokacin da suka haɗu, tsarin ɗaya ne: Gajere ya kusa cin wasa, rafali ya yi karo da wani ya suma, yaran Bijimi su shigo da kujerar ƙarfe su maka masa, rafali ya farfaɗo daidai lokacin ƙirga uku. Fiye da shekara muna cin wannan tuwon.

"Bappa, da girmanka," nakan ce masa, "yau ma rafali zai suma. Ban san daga wane asibiti suke samo rafalin nan ba."

"Munyal, Farfesa. Labari yana tafiya. Kai ba ka gani yaron Bijimi mai kitso ba? Tun da ogansa ya mare shi, idonsa bai dawo daidai ba."

"Haba Bappa, mari ɗaya tun bara?"

"Ni saniya da na buga bara har yanzu yana tuna ni."

Sai mu kwashe da dariya, ni da mutanena. Ina ganin Bappa a matsayin mutumin kirki da Turawa suka mayar abin wasa. Har nakan ce ko marubutan da kansu sun manta da marin nan, Bappa kaɗai ya rage a duniya yana yi musu ajiyarsa.

Sai ga babban wasan shekara ya zo, Bijimi da Gajere kuma. Ranar gidan ya cika har ƙofa, akwai waɗanda suka taso tun daga Sunkani. Na shigo a makare da gangan, na ratsa mutane, na zauna a kujerata, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka fara. Gajere ya sha duka, ya tashi, ya rama, jama'a suna ihu. Can ya ɗaga Bijimi ya buga da ƙasa, ƙafar Bijimi ta doki rafali, rafali ya zube. Daga nesa sai ga yaran nan biyu a guje, mai kitso riƙe da kujerar ƙarfe.

A nan shaiɗan ya ce mini in miƙe, na kuwa miƙe. Na tsaya a gaban talabijin na juyo ina fuskantar mutane.

"Jama'a, ni na gaji. Ina da biki gobe, ba zan zauna ina kallon abin da na riga na sani ba. Ga kujera nan, ga kan Gajere nan, sauran ku ƙarasa da kanku."

Oga Bitrus ya ce, "Farfesa, ka zauna mana, wasa bai ƙare ba. Kuma kana tare mana hoto."

"Oga, a wurina ya ƙare tun bara. In Gajere ya ci yau, wallahi na bar wa Bappa kujerar nan da fankarta, in koma baya kusa da janareta."

Bappa bai ko dube ni ba, ya ce, "An ji."

Na fita ina kaɗa makullin ɗakina a yatsa. Ban kai bakin titi ba na ji gidan kallon ya ɗauki wani irin ihu, kamar rufin kwanon zai tashi. Na yi murmushi ni kaɗai, na ce Allah sarki 'yan munyal, an sake karya musu zuciya. Na tari keke-napep na tafi gida na goge kayan biki. Waya tana aljihuna, amma Farfesa ba ya leƙa waya.

Washegari aka ɗaura auren Ishaya da Rifkatu a coci. Ishaya abokina ne tun firamare, kuma ni ya zaɓa in zama mai gabatarwa a liyafa, saboda a ganinsa na iya magana. (Har yau yana cewa wannan ne kuskuren da ya fara yi a rayuwar aure.) Muna ɗaukar hoto a harabar coci ya jawo ni gefe.

"Abokina, jiya ka ga yadda abin ya..."

"Ango, kada ka ɓata bakinka ranar aurenka. Na sani."

"A'a, ka tsaya ka ji."

"Na ce na sani. Gyara wuyan rigarka."

Ya dube ni, ya buɗe baki, sai mai hoto ya kira shi. Allah ya aiko mini da ceto har hannu, na ce masa ya gyara wuyan riga.

A zauren liyafa na lura 'yan gidan kallo suna gaishe ni da wani irin murmushi. Wani ya ce, "Farfesa, sannu da jiya." Wani ya rusuna har ƙasa. Na ɗauka girmamawa ce ta ƙaru, na riƙa ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Oga Bitrus ne ke kula da kiɗa da majigin da ke nuna hotunan ango da amarya a bango. Shugaban taro kuwa Bappa Hammajo ne, domin maƙwabcin baban Ishaya ne na shekaru, kuma shi ya kawo ƙaton san da aka yanka.

Aka zo wurin nasiha, na miƙa wa Bappa makirufo. Ya yi gajeren bayani mai daɗi. Ya ce aure ba a gane shi a watan farko, kowa ya ba ɗan'uwansa lokaci, kada wanda ya yanke hukunci kafin ya ji ƙarshen magana. Ya rufe da munyal ɗinsa, aka tafa.

Da na karɓi makirufon, abin da ya kamata in ce shi ne mun gode, a kawo abinci. Amma bakina ya daɗe da daina neman izinina.

"Mun gode wa Bappa," na ce. "Sai dai ango da amarya, haƙuri ma yana da iyaka. In kuna shakka ku tambayi Gajere. Jiya ma Bappa ya ce a yi munyal, me ya faru? Mai kitso ya ɗaga kujera, ya sauke ta a tsakiyar kan Gajere. Rafali ya farfaɗo, ɗaya, biyu, uku. Bijimi ya tafi gida da kambunsa."

Zauren ya yi shiru. Ni kuma na ɗauka shirun jin daɗin labari ne, sai na ƙara gishiri. Na kwatanta yadda Gajere ya zauna a tsakiyar dandali yana kuka. Na kwaikwayi kukan. Da makirufo. A gaban fasto, da iyayen amarya da suka zo daga Lau, da shugaban sashenmu na ofis wanda ban ma san an gayyace shi ba.

Bappa ya ɗago hannu a hankali, aka miƙa masa ɗaya makirufon.

"Farfesa, wannan naka a wane gari aka yi shi? Namu na Mayo Gwoi dai Gajere ne ya ci."

Kafin in haɗiye yawu, hoton Ishaya da Rifkatu ya ɓace daga bango. Oga Bitrus, wanda ashe tun ina tsakiyar kuka yake laluben wayarsa, ya saka ƙarshen wasan a majigi. Ga mai kitso ya shigo da kujera. Ga shi ya ɗaga ta a kan Gajere. Sai ya tsaya, ya shafa kuncinsa, daidai inda aka mare shi bara, ya juya ya sauke ta a bayan Bijimi. Gajere ya danne Bijimi, rafali ya rarrafo, duk zauren ya taya shi ƙirgawa, har tsofaffin da ba su san me ake yi ba.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Amarya ta yi ta yi har kwalliyarta ta zubo, ƙawayenta suna goge mata ido. Fasto ya rufe fuska da takardar shirin taro, kafaɗunsa suna rawa. Wata gwaggon amarya ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, "Wannan mutum ne suke ce masa Farfesa? Na wane makaranta?" Shugaban sashenmu bai yi dariya ba, gyaɗa kai kawai yake kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zargi. Na ji kunya har cikin ƙashina, gumi ya jiƙa rigar da na kwana ina gogewa.

Na so in ajiye makirufon in fice, sai na tuna ficewa ce ta kawo ni nan. Haka na tsaya na gabatar da yankan kek, da rawar iyaye, da rabon kyaututtuka. Duk abin da na sanar, sai wani daga baya ya ce, "Farfesa, ka tabbata, ko mu jira?" Ban bar zauren ba sai da aka fara tattara kujeru.

Juma'ar da ta biyo na yi niyyar ƙin zuwa gidan kallo, amma ba ni da wani wurin zuwa. Na tarar da Bappa a kan farar kujera, fanka tana kaɗa masa babbar riga, yana ɓare goro. Bai yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya nuna mini bencin baya, ya ce, "Zauna can, ɗana. Daga can ma ana ganin ƙarshe." Na zauna kusa da janareta. Kafin a tashi an sauya mini suna zuwa Na-san-ƙarshe, kuma sunan ya bi ni har ofis.

Ku sani, har gobe ban janye ba, marubutan nan ragwaye ne. Bayan 'yan watanni suka ƙwace kambun daga hannun Gajere, kuma ta yaya? Rafali ya suma, aka shigo da kujera. Na faɗa tun kafin a fara, tiryan-tiryan, ban kuskure ko ɗaya ba. Amma daga inda nake zaune janareta ce kaɗai ta ji ni, ba wanda ya ko waiwayo.

Abin da na koya ba shi da yawa. Har yanzu ina raina labarin da ya cancanci raini, sai dai ina bari a gama shi tukuna. Yanzu duk taron da na je, ko na suna ne ko na ofis, ni ne na ƙarshen tashi, har mutane suna yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne, tsoron majigi ne.