Ranar Da Na Sauke Gara a Gonar Shinkafar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai garar Ramatu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Tunuga ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har gobe in na sauka a tashar garin sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Tarakta! An zo noma?" Sai in yi murmushin yaƙe in wuce.

A lokacin na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare sau biyu, ina zaune a Gaya ba aiki ba sana'a, sai wuni a shagon abokina Musa kusa da kasuwa. Musa ya sayo na'urar wasan tseren mota daga Kwatano: ƙatuwar tele, sitiyarin roba, da feda biyu a ƙasa. Ƙafar dama a kan wuta, ta hagu a kan birki. (Ka riƙe zancen ƙafar hagun nan, mai karatu, don a nan gizo ke saƙar.) Wata shida sunana na saman allo, ba wanda ya ture shi. Na san kwane-kwanen titunan Turai fiye da yadda na san hanyar gonar babanmu. Kai kuwa ya kumbura.

Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, yana da motoci biyu masu jigila tsakanin Gaya da Doso, kuma yana neman ɗan gida da zai riƙe masa ɗaya. Mahaifiyata ta yi ta kai gwauro tana kai mari har ya yarda ya gan ni. Da ya tambaye ni ko na iya tuƙi, na gyara tsayuwa na ce, "Kawu, ai gudun ɗari biyu da hamsin nake yi." Ban yi ƙarya ba, wurin da nake yin ne kawai ban faɗa ba. Gaskiyar magana, motar gaske sau biyu na taɓa jan ta, a filin ƙwallo, ba kowa a gabana sai awaki.

Ramatu 'yar Kawu ce, an kai ta Tunuga sati guda kafin nan. Ranar da za a kai mata gara, masassara ta kwantar da direbansa. Kawu ya miƙo mini makullin tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya ce, "To ga gwaji. Ka kai su lahiya, ni za ni yi maka permi, takardar tuƙi, in ba ka mota. Ina nan tahe bisa babur." Mahaifiyata na bakin ƙofa tana ta sa mini albarka. Da na san abin da ke gaba, da na ce ni ma masassarar ta kama ni.

Aka loda buhunan shinkafa da na gero, da jarkar mai, da manyan kwanoni cike da alkaki da nakiya. Mata biyu suka hau baya suna riƙe da kayan. Kusa da ni kuwa aka zaunar da Inna Hauwa, yayar mahaifiyata, wadda bakinta bai san tsoron kowa ba, cikin sabuwar shadda fara ƙal.

Na leƙa ƙasa na ga feda uku. Na san ta hagun ta canja giya ce, birki na tsakiya, na kuma yi ta nanata wa kaina haka kamar mai hadda. Sau uku motar na mutuwa kafin mu bar ƙofar gida.

"Kai, ɗan nan," in ji Inna Hauwa, "motar ga tahiya takai ko tsallen kwaɗo?"

Na ce, "Inna, sanyi ne injin ya yi." (Rana na tsakiyar ka a lokacin.)

Da muka bar gari abin ya fara daidaita, har na soma jin cewa lallai an haife ni don wannan aiki. Kafin a shiga unguwar su ango, hanyar na bin kan wani tudun da aka yi don tare ruwa, hagu da dama gonakin shinkafar rani ne, kore shar, ruwa kwance a ƙarƙashi. Can gaba akwai kwana, bayan kwanar kuma ga dangin ango sun taru a inuwar mangwaro suna jiran gara. Da suka hango mu wata ta rangaɗa guɗa. Guɗar nan ita ta kashe ni. Na ce a raina bari in nuna musu yadda ake shan kwana. Na ƙara wuta.

Sai ga amalanken jaki ya ɓullo daga kwanar, an yi masa lodin ciyawa har sama.

Duk haddar da na yi ta gudu ta bar ni. Ƙafata ta hagu, wadda ta yi wata shida tana taka birki a shagon Musa, ta yi abin da ta saba. Na take fedar hagu da iya ƙarfina. Maimakon motar ta tsaya, sai ta saki jiki kamar akuyar da aka kwance wa igiya. Na ƙara takewa. Inna Hauwa na salati, na baya na ihu, jakin kuwa ya tsaya yana kallona. Na murɗa sitiyari, muka gangara daga tudun a hankali, cikin natsuwa, muka nutse a laka har rabin taya.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. A sitiyarin Musa akwai wani maɓalli da in ka yi karo kake dannawa, nan take a maido ka farkon tsere da sabuwar mota. Wallahi hannuna da kansa ya tafi neman shi. Na danna tsakiyar sitiyari, odar mota ta ɗauki ƙara. Na sake dannawa, na kuma sake, har duk wanda bai ga faɗuwarmu ba ya fito ya gani. Kuma da bakina, a fili, na ji ina cewa, "A sake, a sake!"

Inna Hauwa ta juyo ta dube ni. "A sake mi? Wata gonar ka gani da ba mu shiga ba?"

Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Amma alkaki na yawo a kan ruwa, mai ya malale cikin dashe, Inna ta sauka da farar shaddarta cikin laka har gwiwa. Gonar kuma, cikin duk gonakin Tunuga, ta Malam Garba ce, uban ango.

Da dattijon ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya tattare rigarsa ya tsaya a gaɓa, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ai da kun aiko muna cewa da tarakta za a kawo gara, da mun dakata da dashe." Aka kwashe da dariya, suna ya zauna. Ni da nake ɗari biyu da hamsin, bijimai biyu na huɗa aka ɗaura suka jawo ni waje, ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ana cikin haka Kawu ya iso. Ya kalli mota, ya kalli yayarsa, ya kalli surukinsa. Tambaya ya yi mini, murya ƙasa-ƙasa.

"Ina ka koyi tuƙi?"

"Wurin Musa, Kawu."

"Wane Musa? Mai koyar da mota?"

"A'a... mai tele."

Ya miƙo hannu na sa masa makulli. Motar Doso wani aka ba. Ni kuwa kwana huɗu na yi a Tunuga, duƙe cikin laka ina sake dasa abin da na tattake, Ramatu na aiko mini da abinci ba ta yarda mu haɗa ido. Amma duk wannan bai ƙona ni kamar komawa gida ba. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ni da na je na roƙa." Har yau in na tuna, abinci fita kaina yake yi.

Kwanan baya Musa ya kira ni in ga sabuwar na'urarsa, mai feda uku da kujera mai girgiza. Ya ce yanzu kam ba abin da ya raba ta da motar gaske. Na ce da saura. Ba jaki a cikinta, ba laka mai riƙe taya, kuma duk katangar da ka daka ba ta da mai ita, balle ya zama surukin kawunka. Sai ranar da masu ƙera ta suka cire maɓallin nan na a sake, suka zaunar da Inna Hauwa a kujerar gefe, sannan zan yarda tana koya tuƙi.

Yanzu ina zuwa makarantar koyon mota ta gaske. Malamin ya ce bai taɓa ganin ɗalibin da ke tsoron ƙafarsa ta hagu kamar ni ba. Ban gaya masa dalili ba, amma matarsa 'yar Tunuga ce, kuma jiya da na shigo ya tambaye ni ya shinkafa.