Rasuwar Ƙarfen Ƙuguna na Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kaina a ɗage, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'ar ɗinki rasuwar ƙarfen ƙuguna na dama, wanda likita ya zare daga jikina bayan doguwar jinya.

Marigayi ya shigo ne bayan faɗuwar da na yi a matakalar shago. Baƙo ne, amma ya zo da ladabi. An yi masa shafe da wani farin gari mai kama da ƙashi, don haka ƙashina ya ɗauke shi ɗan'uwa, ya tsiro a kansa, ya rungume shi. Tare muka taka keken ɗinki shekara da shekaru. Bai taɓa neman hutu ba. In hadari ya haɗo, shi ke fara gaya mini.

Ciwon ajalinsa ya soma da ɗan ƙara, ƙii, ƙii, duk sanda na miƙe. Ranar rabuwa likita ya sha gumi, domin ƙashi ya ƙi sakinsa. An fito da shi da ɓurɓushina manne a jikinsa. Ma'aikaciyar jinya ta nufi kwandon shara da shi, na ce 'yar nan, ba a zubar da gawar ɗan gida.

Ya bar ƙugun hagu, da tabo guda, da magajinsa, sabon ƙarfen da aka sa mini, mai irin shafensa, wanda hoto ya nuna ƙashi ya fara kama shi.

Ya kuma bar babban ɗana, wanda tun ina kwance ya kai kekena ɗakin ajiya, ya sayo mini kujera mai taya. Surukata ta ce, Baba, ai ka gama, sai hutu. Na saurare su har suka kai aya. Jiya na sa maƙwabcina kafinta ya mayar da keken mazauninsa, na zuba masa mai.

Ba za a binne marigayi ba. An wanke shi, zai zauna kan teburin yanka yana danne yadi.

Za a karɓi gaisuwa a shago daga safiyar gobe. Mai zuwa ya ɗaga murya, saboda keke zai riƙa ƙara. Kujera mai taya kuwa tana bakin ƙofa, wanda ya kawo ta ya zo ya zauna a kai, ya riƙe mini bakin yadi.