Rasuwar Kaset ɗin Ishaku Mahauci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa inda za ta kai ƙara, Ishaku Wada, mahauci a babbar kasuwar Garwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar kaset ɗinsa na waƙoƙin wasu Turawan Ingila, ranar Talata da hantsi, yana da shekara tara.

Marigayin ya shigo gidan ne ta hannun maƙwabci Gaston, shekarar da matsin tattalin arzikin nan da ake kira kiris ya raba shi da aikinsa ya koma Duwala. Ba fitaccen kaset ba ne. Mawaƙan sun yi shi bayan tashensu ya wuce, ga su nan a jikin kwali su huɗu, daga mai sanƙo sai mai furfura. Ishaku bai san ko kalma ɗaya cikin abin da suke faɗa ba, amma su ke taya shi wasa wuƙa kullum safiya.

Darajar marigayin tana waƙa ta huɗu. Wata rana Dela, matar Ishaku, ta zo kashe rediyo, sai ta yi kuskure ta danna jan maɓallin ɗaukar murya. A nan kiɗa kan ɗauke, a ji ƙarar ludayi, sannan muryarta: "Maigida, tsofaffin nan ba sa gajiya ne? Kununka fa zai huce." Ran nan ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Yau shekara uku da rasuwar Dela, ba ta bar hoto ba, kuma a nan kaɗai ake jin ta.

Ciwon ajali ya fara ne da wani kuka, cii-cii, a cikin rediyo. Ishaku kuwa duk abin da ya yi ƙara a duniya, daga ƙyauren ƙofa har sarƙar keke, maganinsa kitse. Ya lakato na saniya ya shafa wa 'yan tayoyin da ke jan zaren kaset. Kwana biyu lafiya lau. A na uku zafin Garwa ya narkar da kitsen, muryoyin suka riƙa ja kamar na mashaya, zare ya cukuikuye. Aka garzaya wurin Raphaël mai gyaran rediyo, aka juya da biro, aka liƙa da jan farce. Can ya ɗago kai ya ce, "Baba Ishaku, c'est fini, ya ƙare. Sai haƙuri."

Ishaku bai ga laifin kowa ba. Aikin hannunsa ne, ya sani, abin da ke cin ransa ke nan.

Marigayin ya bar rediyo mai batir shida, da tsagaggen kwali, da mai shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a naɗe shi a ɗankwalin Dela, a kwantar da shi a ƙasan akwati. Za a karɓi gaisuwa a rumfar mahauta. Ana roƙon jama'a, don Allah kada kowa ya kawo sabo. Raphaël ya riga ya samo irinsa sak, Ishaku ya zauna ya saurara. Waƙa ta huɗu ta tafi sumul har ƙarshe, ba wanda ya katse ta.