Kyaftin Mas'udu, Kifin Tudu

Allah mai rabo. Wani gari ya ba shi malamai, wani ya ba shi attajirai, Ƙanƙara kuwa ya ba ta Alhaji Mas'udu mai hatsi, gwarzon da ya hau teku ya dawo da ransa, ya kuma dawo da bakinsa.

Kafin bara, Alhaji dillalin masara ne kamar kowa. Ruwan da ya fi sani shi ne na buta. Sai ɗansa Salahuddeen, da ke aiki a Dubai, ya yi wa iyayensa gata: ya biya wa Alhaji da matarsa Hajiya Talatu kujerar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ke kwasar mutane ya yi ta yawo da su a kan ruwa, ba fatauci ba aikin hajji, sannan ya maido su inda ya ɗauko su. Alhaji ya tafi da zanna-bukar, ya dawo da farar hular matuƙa mai hoton ƙugiya a goshi. Ranar da ya shiga kasuwa da ita 'yan hatsi suka naɗa shi Kyaftin. A bayan idonsa kuma suna ce masa Kifin Tudu.

Mutum ne mai kyauta da ilimi. Ba ya jira a tambaye shi. Kullum bayan la'asar zai zauna a ƙofar rumfarsa, ya gyara hula, ya dubi jama'a da tausayi irin na wanda ya ga duniya.

"Ku dai ba ku sani ba," in ji shi. "Mai hankali, kafin ya tambayi girman jirgi, homfot yake fara tambaya. Mi ne ne homfot? Tashar da jirgi ke kwana, nan yake ɗiba, nan yake saukewa. Ka kuskure homfot, ka kuskure tafiya. Dubai ita ce uwa. Jidda akwai albarka, amma akwai zafi. Basalona ban ba kowa shawara ba, 'yan ƙwallo sun cika ta. Legas kuwa, to, sai a hankali."

Cikin waɗannan garuruwa Dubai kaɗai ya taɓa takawa, amma mai basira ai ba sai ya je ba.

Shawarwarinsa ba su ƙarewa. A nemi ɗaki a tsakiyar jirgi. A tafi da kilishi da yaji, don abincin Turawa kyan ido ne kawai. A riƙa duba alƙibla kafin kowace salla, domin jirgi juyawa yake, kana iya tada kabbara kana kallon gabas ka sallame kana kallon Indiya. Kada a riga matuƙin jirgi gaisuwa, yana rage daraja. Masu sauraren nan, waɗanda yawancinsu damuwarsu ita ce farashin taki, sai su gyaɗa kai su ce, "Ikon Allah."

Ya ma taɓa kawo shawarar a mai da Ƙanƙara homfot. "Muna da fili, muna da 'yan dako, muna da masu abinci. Abu ɗaya ya rage."

Aka ce, "Ruwa, Kyaftin?"

Ya ce, "Wannan kuma aikin gwamnati ne."

A Ƙetare an kira shi wajen suna, aka girmama shi da rufe taro da addu'a, sai ya rufe shi da bayanin yadda ake ɗaura rigar ceto. A Tafoki ya je ta'aziyyar wani dattijo, ya dafa kafaɗar babban ɗan mamacin ya ce, "Ka yi haƙuri. Baba ya koma homfot ɗinshi na gaskiya." Liman ya sunkuyar da kai ya daɗe yana tari.

To, akwai wani ɗan guntun labari da tawali'u ya hana Kyaftin bayarwa. Jirgin nan bai gama barin gaɓa ba hanjin Alhaji ya juya. Ya shige ɗaki, ya ja labule, ya rungumi bokiti, kuma shi da bokitin ba su rabu ba sai da aka dawo Dubai. Hajiya Talatu ce ta ga jirgi. Ita ta hau saman bene ta sha iska, ita ta zaga wajen cin abinci inda kowa ke ɗiba da kansa, ita ta sauka Maskat ta sayo turare, har ta yi ƙawa da wata Balarabiya. In ta dawo ɗaki sai ta ba shi labari don ta ɗebe masa kewa, shi kuma yana nishi yana haddacewa. Hular ma ita ta saya masa. Mace ce mai rufa asiri, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ta jiyo shi yana wa baƙi bayani a zaure, iyaka ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tankaɗe.

Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Labarin Kyaftin ya kai Sabuwa, kunnen Alhaji Zailani, babban attajirin da ke saye mafi yawan masarar da Alhaji Mas'udu ke tarawa. In Alhaji Zailani ya juya wa dillali baya, wannan dillali sai ya nemi wata sana'a. Ranar wata kasuwa ya zo da kansa, ya zauna a rumfar, ya saurari darasin homfot tun daga Dubai har Legas. Da aka gama ya ce:

"Alhaji, ka gamsar da ni. Na yi niyyar kai iyali su ga tekun nan, abin da ya hana ni rashin jagora. Yanzu na samu. Kai da Hajiya za ku raka mu, komai a wuyana. Kuma wanda ya fi daɗewa kan ruwa za mu hau, na sati biyu."

Rumfa ta ɗauki kabbara. Kyaftin ya yi murmushi, irin murmushin ɗan akuyan da aka nuna wa mahauci. Kowa ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota.

Daga ranar hikimarsa ta koma wajen neman mafita. Ya aika Sabuwa cewa a wannan watan teku ba ta da kyau, igiyar ruwa na yin tsawon rimi. Aka amsa masa cewa da gwani irinsa a jirgi babu fargaba. Ya fara ɗingishi, ya ce sanyin ƙashi ya kama shi. Aka ce ai shi da bakinsa ya faɗi akwai likita a jirgi da keken tura marasa lafiya. Daga ƙarshe ya sanar da babbar musiba: fasfo ya ɓace. Ya yi jimami a gaban jama'a har da share ido. Washegari Hajiya Talatu, baiwar Allah mai son taimakon miji, ta tsinto fasfon a cikin buhun maiwa, ta kaɗe shi tas, ta miƙa masa a gaban direban Alhaji Zailani.

"Ga shi, Alhaji. Ko ɓera ne ya kai shi, oho."

Ranar tafiya rabin kasuwa ta fito rakiya. Za su fara zuwa Sabuwa ne su haɗu da ayari, daga can a wuce filin jirgin sama. Kyaftin ya tsaya a jikin motar da Alhaji Zailani ya aiko, hula a karkace, ya yi jawabin bankwana.

"Jama'a, teku ba wurin yara ba ne. Amma wanda ruwa ya sani, ruwa ba ya ba shi kunya. Ku riƙe amanar rumfa."

Damina ce, an kwana biyu ana ruwa. Sun wuce Faskari lafiya. Kusa da Daudawa suka tarar ruwan sama ya kwanta a wani kwari ya shafe hanya, bai kai gwiwa ba. Mata na tsallakawa da tallansu a ka. Direba ya sa giya ya shiga a hankali. Mota ta faɗa rami ta karkata dama, ta fito ta karkata hagu, ruwa ya bugi ƙofa ya yi ɗan fantsama a gilashi.

"Innalillahi!" in ji Kyaftin. "Tsaya! Ku sauke ni!"

Ba a kai ga tsayawa ba karin kumallon Kyaftin ya riga shi sauka, a kan sabuwar kujerar Alhaji Zailani.

Aka fito da shi aka kwantar a gindin wata ɗorawa. Mutanen gari suka taru. Direba ya koma gefe yana waya da ubangidansa, ana jiyo shi yana cewa, "Wallahi, Alhaji, ruwan ko taya bai rufe ba." Hajiya na yi wa mijinta fifita da farar hular. Can direba ya dawo ya ce Alhaji Zailani na gaishe da Kyaftin da jiki, ya ce a samar masa mota ya koma gida ya huta, Hajiya kuma in an yarje mata ta ƙaraso, iyali na jiran ta. Kyaftin ya ɗaga hannu a raunane, alamar ya yarje. Da jirgi za a ce ya ba wani kyauta a lokacin, da ya bayar.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta matso tana salati.

"Ɗiyata, wanga bawan Allah asibiti za ku kai shi?"

Hajiya ta ce, "A'a, Iya. Teku za mu. Shi ne jagoranmu."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi kududdufin da suka baro. Ta shiga gida ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa masa don ya kurkure baki. Hannun tsufa ne, yana ɗan rawa, ruwan ya yi tangal-tangal a cikin kwanon.

Kyaftin ya leƙa, ya runtse ido, ya kau da kai.

"Don Allah, Iya," in ji shi, "aje shi ƙasa ya natsu tukuna."