Rasuwar Kwamfutar Firdausi, Wadda Fuskar Elhaji Kalla Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Malama Firdausi Isufu, mai haɗa hotunan talla a Dakoro, tana sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda ta cika ranar Talata da azahar, bayan shekara bakwai tana ciyar da gida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba ta taɓa cewa komai ba sai "fuuu" ɗin fankarta. Ita ta fara hura kumfar sabulu a garin nan ba tare da ruwa ba: kumfa mai siririyar fata, launukan bakan gizo na zamewa a jikinta, hasken taga na kwance a gefe, har samanta ya yi fayau kafin ta fashe. Tsohuwa A'ishatu, uwar Firdausi, ta taɓa kai yatsa jikin gilashin kwamfutar don ta fasa ɗaya.

Ciwon ajali ya shigo ne da ƙafar Elhaji Kalla, mai sabulu, wanda ya nemi tallar minti ɗaya. An yi masa kumfa goma, ya ce rowa. An yi ɗari, ya ce launin ya yi kama da na mata. Daga nan ya gano cewa kumfa tana nuna abin da ke gabanta kamar madubi, sai ya ce lalle fuskarsa ta fito a kowace ɗaya, da rawani, da haƙorin makka, kuma a ƙara su kai ɗari huɗu. Firdausi ta gaya masa na'urar ba za ta ɗauka ba. Ya ce jakinsa ma haka yake cewa.

Kwana uku marigayiya tana lissafin wannan fuska, jikinta zafi rau, an ɗora ta kan tubali biyu ana yi mata fifita. Ta kai kumfa ta ɗari uku da tamanin, ta yi "tit, tit," ta rufe ido. Duk aikin shekara bakwai ya bi ta. Elhaji, da aka gaya masa, tambayarsa ɗaya: ko fuskar ta tsira.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da linzami gurgu, da mai ita, wadda ba ta yafe ba.

Za a kai gawa gobe da hantsi rumfar Hamid mai gyara, bakin kasuwa, inda za a cire abin da zai amfani masu rai, sauran a kwantar a kwali. Zaman makoki kwana uku ne a gidan Isufu. Ƙofa a buɗe take ga kowa daga nan har Birnin Lalle. Elhaji Kalla kuwa, an riga an karɓi gaisuwarsa, ya yi zamansa a shago.