Yadda Ake Sauri a Ofis Ba Tare da An Je Ko'ina Ba

Mijin 'yata ya same ni a bakin get ɗin ofishinsu, inda na shekara talatin ina gadi. Masinja ne. Su biyu ne a ofishin, shi da wani Dogo, oga kuma ya ce ƙarshen wata zai sallami mai nawar cikinsu.

"Baba, ka cece ni, kada 'yarka ta dawo maka gida."

"Sayo mini rediyo, in koya maka sauri."

Muka tafa. Ga abin da na koya masa. Kai ma ka bi, na ba ka tabbacin ba za a kore ka ba.

1. Ka gane yaren oga

Akwai kalmar Turanci guda da yake jefowa in yana so a hanzarta. Ban yi boko ba, amma na san fassararta. In ya faɗe ta da safe, an ɓata masa rai a gida. In gaban baƙi ne, so yake su san waye oga. Ban taɓa jin ya faɗe ta don yana jiran takarda ba.

2. Riƙe fayil

Ko babu komai a ciki. Rungume shi a ƙirji kamar jariri mai zazzaɓi.

3. Yi gudu inda ake gani

Daga ƙofar oga zuwa matakala taku goma sha biyu ne. Nan ne filin gudunka. Da ka sha kwana, taka a hankali, ka gaisa da mutane.

4. Gumi

Akwai famfo a bayan ofis. Goshi da wuyan riga kawai. In ka jiƙa har baya, za a ce ba ka da lafiya.

5. Kada ka dawo da wuri

Nan Dogo ya yi kuskure. Shi da gaske yake gudu. Minti biyar ya kai saƙo, ya dawo ya zauna a benci. Duk sanda oga ya leƙo, Dogo na zaune.

Ƙarshen wata oga ya ce, "Wannan dogon, albashin zama muke biyansa?" Aka sallame shi.

Surukina ya tsira da aikinsa. Dogo ya rasa nasa, oga kuma ya rasa mutum ɗaya tilo da ke kai masa takardu.

In aikin mutum biyu ya faɗo kanka, kamar surukina da yanzu gumin gaske yake yi, kada ka zo nemana. Ni don buɗe ƙofa kawai aka ɗauke ni.